Shekarar da Na Ƙi Kai Yara Haɗeja

Na san abin da ake faɗa muku a kaina, kada ku ɗauka don kunnena ya yi nauyi ba na ji. An ce muku ubanku malamin makaranta ne a zamanin Turawa, aka kore shi don ya lalata littattafan gwamnati. Wani mara kunya ma cewa ya yi sayar da su na yi wa masu ƙosai suna ƙunshi. To, kora dai an kore ni, wannan ba ƙarya ba ne. Littattafan kuwa sun lalace, har da kashin tsuntsu a jikinsu. Amma yadda aka yi suka lalace, babu wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku. Ni ma ban gaya muku ba, don a da ban ga wanda ya isa in tsaya gabansa ina wanke kaina ba. Yanzu na tsufa, waɗanda suka gani da idonsu kusan duk sun kwanta dama. Sai ku natsu ku ji daga bakina.

Lokacin ina sabon magidanci, babbar yayarku tana goye a bayan innarku. Shekarata uku ke nan ina koyarwa a elementaren garinmu, Kwarin Goriba, can cikin fadama bayan Auyo. Ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin ciyawa, yara talatin da 'yan kai, huɗu mata. Ni ne malami, ni ne hedimasta, ni ne mai buga ƙararrawa. Ina son aikin nan, wallahi ina sonsa fiye da yadda zan iya faɗa muku. Mu gidan masunta ne da manoma, babu wanda ya taɓa riƙe alƙalamin boko a zuriyarmu kafin ni. Ranar da aka ba ni aikin, Baba, kakanku ke nan, mutumin da sai ya wuni bai yi magana goma ba, sai da ya yanka ɗan akuya ya raba wa maƙwabta. Ba ya kiran sunana, don ni ne ɗansa na fari, amma in ana hira a ƙofar masallaci yakan ce "malamin gidanmu", yana kallon ƙasa, wai kada a gane daɗi yake ji.

Damina ta yi kyau a shekarar. Kogi ya cika ya fantsama cikin fadama, garinmu ya zama tsibiri, ba shiga ba fita sai a jirgi ko a kan gora. Geron da ke kan tudu ya gama bununi ya fara zuba ido, ido mai ruwa-ruwa, wanda in ka matsa da farce sai ka ga fari kamar nono. Ku da kuka koma birni kun manta da abin da wannan yake nufi. Lokacin nan ne jan-baki yake zuwa. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. In suka taso daga ciyawar fadama da safe, sai ka rantse hadari ne ya haɗo. In suka sauka a gonar da babu mai tsaro, kafin ka je gida ka sha fura ka dawo, sai ka tarar da zangarniya tsirara. Maganinsu ɗaya ne, tsaro. A kowace gona ana kafa itatuwa huɗu a ɗora gadon kara a sama, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyin gonar, a rataya musu sakaina da tsofaffin gwangwanaye. Yaro ya hau tun fitowar rana, yana jan igiya, yana ihu, yana wurga curin laka da majajjawa, har faɗuwarta. Aikin yara ne, don manya suna can cikin ruwa har ƙugu wajen shinkafa, wasu suna su. Ga shi kuma shekarar da ta gabata ruwa ya cinye shinkafar garin ƙurmus, mutane suka sha baƙar wuya, har bado aka riƙa tonowa ana ci. Rumbuna duk wayam suke. Geron nan da ke tsaye shi ne ran garin.

Ana cikin haka sai ga takarda. Malam Ɗahiru, malamin da ke zagaya makarantu yana duba aikinmu, shi ya kawo ta da kansa a jirgi, tare da wani akwatin katako. Baturen makarantu, wanda muke kira Ci-da-Agogo don ko abinci zai ci sai ya kwance agogonsa ya ajiye gefen kwano, ya shirya taron karatu na kwana uku a Haɗeja. An buga sababbin littattafan yara da Hausa, masu hotuna. Kowace makaranta ta kawo yaranta duka, da iyayen da za su iya zuwa, da tsohuwa ɗaya wadda ta iya tatsuniya. Yara su yi karatu a gaban jama'a, tsofaffi su yi tatsuniya, a raba kyaututtuka. Wai a ƙasarsu haka ake yi in yara sun sami hutun tsakiyar shekara. Akwatin kuwa littattafan ne, mu yi ta bita da su a cikin aji kafin ranar, mu tafi da su tsaf yadda suka zo.

Kada in zalunci mutumin nan, abin da ya shirya abu ne mai kyau. Da na buɗe akwatin, ƙamshin sabuwar takarda ya buge ni, sai da tsigar jikina ta tashi. Shekara uku ina koya wa yara rubutu da yatsa a ƙasa, littafi huɗu muke da su, su ma duk sun yi laushi. Amma da na duba ranar, sai gabana ya faɗi. Saboda ruwa, kwana biyu ne zuwa, uku a can, biyu dawowa. Mako guda cur, daidai saukar jan-baki.

Na ce wa Malam Ɗahiru, "Malam, ka ga gero a kan hanya kuwa?"

Ya ce, "Na gani."

"Ka ga tsuntsu?"

Ya ce, "Malam Adamu, ni takarda aka ba ni in kawo, ba a ba ni gero ba."

Na ce, "To a ɗaga mana zuwa bayan girbi mana. Ko a bar ni in zo da yara biyar."

Ya ce, "Duka aka ce. An riga an rubuta sunan makarantarku a allo, za a kafa shi a gindin itacen da za ku zauna. In kana da kuka, rubuta in kai maka."

Na rubuta, shafi biyu, da ladabi iyakar ladabi. Na bayyana tsuntsun, na bayyana yunwar bara, har zanen gadon tsaro na yi a ƙasan takardar don ya gane. Bayan kwana shida amsa ta zo, layi biyu rak. Rana ba ta ɗaguwa, tsuntsu kuwa iyaye su kora. Iyaye su kora! Iyayen da ya ce su ma su zo taron? Ko waɗanda za su fito daga shinkafa su bar ta ruwa da ciyawa su gama da ita? Na ninke takardar na sa a aljihu, raina yana tafasa, na nufi gida.

La'asar ta yi sanyi, Baba yana zaune a tsakar gida yana gyaran komar kamun kifi. Innarku tana bakin murhu. Kaka Falmata, mahaifiyar Baba, tana kan tabarmarta tana goga fure a haƙora. Ita mutuniyar wajen Birniwa ce, ta tsufa a cikinmu amma in ranta ya ɓaci da Barbarci take zagi. Duk garin babu wadda ta kai ta tatsuniya, don haka ita ce tsohuwar da aka sa ran zan tafi da ita. Na karanta musu amsar, na ce ni dai ba zan kai yaran ba.

Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, "Takardar Bature ce. A kai yaran."

Na ce, "Baba, geron fa?"

Ya ce, "Gero ana shuka wani baɗi. Aikin nan in ya kuɓuce maka, a wace gona za ka shuka shi?"

Innarku ta juyo da muciya a hannu ta ce, "Malam, ka dubi yarinyar nan da ke bayana."

Na ce, "Ita nake duba."

Ta ce, "A'a, ba ita kake duba ba. Mu ko tsuntsu ya cinye gonarmu tas, albashinka zai ciyar da mu. Ka sani, na sani."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini zafi. Gidanmu ba zai kwana da yunwa ba muddin ina malami. Amma ni ne nake kallon yaran nan bara, suna zuwa aji leɓɓansu a bushe, suna gyangyaɗi tun hantsi. Akwai wata yarinya Ladidi, ubanta ya rasu, gonarsu ɗaya tal, kuma ita kaɗai ce mai tsaronta. Bara a tsaye ta faɗi tana karanta baƙi. Na ce wa innarku ban iya cin tuwon albashi ina kallon gidan su Ladidi ba. Ta juya ga tukunyarta.

Kaka Falmata ta tofar da fure ta ce, "Kai, mijin banza, ku daina wahalar da bakinku. Ni dai babu inda zan je. A ɗora ni a jirgi kwana biyu da wannan ƙugun, in je in yi tatsuniya da rana tsaka gaban Nasara? Uban wa ya taɓa yin tatsuniya da rana? Ɓata kuke so in yi da tsufana?"

Na ce, "Amarya, ai ko kin ɓata ni zan nemo ki."

Ta ce, "Kai da ko kanka ba ka nemo ba."

Washegari Bulama, mai garinmu, ya same ni a makaranta, jikinsa duk a sanyaye. Dattijo ne mai tsoron hukuma, amma ba mugu ba. Ya ce in yara ba su je ba sarautarsa ce za ta tafi, in kuma sun je garin ne zai tashi. Ya ce kwana uku bai ci abincin kirki ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa ya yi abin da aka umarce shi. Ranar tafiya ya kawo jirage uku bakin mashaya, da matuƙansu, a gaban kowa. Sauran ya bar mini. Haka kuwa aka yi. Ranar da aka sa, jirage suka jeru, jama'a suka taru, limami yana tsaye. Na fito na ɗaga murya na ce, Bulama ya cika umarni, ga jirage, ni Adamu malamin makaranta ni na ce babu yaron da zai shiga. Na rubuta haka a takarda, na sa hannu, na ba wani mai jirgin fito ya kai Haɗeja.

Abin da ban shirya masa ba shi ne yaran. Ashe su sun ƙwallafa rai a kan tafiyar nan. Yawancinsu ba su taɓa ganin Haɗeja ba, an wanke musu riguna, wasu har aski aka yi musu. Suka tsaya bakin ruwa suna kallon jirage ana janye su, wasu na share hawaye da gefen riga. Sai Ladidi ta matso.

Ta ce, "Malam, littattafan ma mayarwa za a yi?"

Kai, maganar nan ta soke ni. Na tsaya ina kallonta, sai wani abu ya faɗo mini a rai. An ce taron karatu ake so, yara su yi karatu, iyaye su ji, tsofaffi su yi tatsuniya. To wane ne ya ce sai a gindin itacen Haɗeja karatu yake shiga kunne? Kuma shi jan-baki, ina ya san bambancin ihu da karatu? Doka ta ce kada littafi ya fita daga aji sai ranar tafiya. Na ce ai yau ce ranar tafiya. Na sa aka ɗauko akwatin aka dire shi a bakin gonaki, na buɗe, na miƙa wa kowane yaro littafi ɗaya. Na ce kowa ya hau gadonsa, hannu ɗaya a igiya, hannu ɗaya a littafi, ya karanta da iyakar muryar da Allah ya ba shi. In rana ta take, a yi musaya da maƙwabci.

Ban taɓa jin abu irin na ranar nan ba, har yau. Gonakin garin a jere suke a kan tudu ɗaya, gado yana hango gado. Nan wani yana kwarara labarin ɗan sarkin da ya koyi saƙa, can wata tana rafka na jirgin ƙasa, gwangwanaye na kaɗawa, majajjawa na tashi. Wanda ya kakare a wata kalma sai ya ƙwala, "Malam! Harafin ba mai wasali biyu fa?" Ni kuwa ina ratsa kunya-kunya da gudu, rigata a ɗaure a ƙugu, ina ba da amsa. Yaran da a aji sai na sa kunne kafin in ji su, ranar nan muryarsu har bakin kogi. Jan-baki ya taso baƙi ƙirin, ya yi shawagi, ya rasa wurin sauka, ya juya. Da azahar mata suka kawo wa 'ya'yansu fura. A da sai su miƙa ƙwarya su juya, amma ranar nan sai suka tsaya a gindin gadaje, baki buɗe. Uwar Ladidi ta zauna daɓas a ƙasa, tana ta faɗin, "Wai duk wannan a cikin takardar yake? Ke Ladidi, ba ƙirƙira kike yi ba?" Maza suka fito daga shinkafa jiƙe sharkaf, suka tsaya su ma. Wani tsoho da ya fi kowa zagin boko ya ce a maimaita masa wurin da aka kama ɓarawo a wani labarin.

A rana ta biyu sai ga Kaka Falmata tana dogara sanda, wai ta zo ta ga haukan da mijinta ya tara wa gari. Ta tsaya gindin gadon Ladidi ta saurara har aka kai ƙarshe. Ta taɓe baki.

Ta ce, "Shi ke nan? Labari babu waƙa? Wannan ai miya ce babu gishiri."

Yara suka yi caa, "Kaka, ki yi mana taki! Kaka, ki yi mana!"

Ta ce, "Ku tafi can, 'ya'yan banza, da rana?"

Na ce, "Ku ƙyale ta, ta tsufa, ta manta su. Littafi ya fi ta."

Ta zazzaga mini wani zagi da Barbarci wanda ba zan fassara muku ba. Sai ta sa yatsu biyu ta tsinke gashin idonta guda, ta hure shi, don haka ake yi in dole ta sa za a yi tatsuniya da rana, wai shi zai ɓata a madadinka. Ta ce a ɗora ta. Ƙarti huɗu suka cicciɓe ta suka ɗora a kan gado, tana ta tsine musu. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Jama'a suka amsa baki ɗaya. Ta kama labarin wata tarwaɗa da ta gaji da gashin bakinta ta fito tudu neman wanzami. To muryarta ba ta nisa, sai Ladidi ta riƙa ɗauka tana ƙwalawa, na gadon gaba ya karɓa ya miƙa wa na gaba, har ƙarshen tudu. In aka zo wurin waƙa sai gonaki duka su ɗauka tare, manya da yara, ana tafi, ana jan igiya. Na ga limami yana dariya har rawaninsa ya kwance. Daga ranar nan kowace tsohuwa a garin ta ce ita ma sai an ɗora ta. Na tabbata kafin mu gama, rabin tsofaffin Kwarin Goriba ba su da sauran gashin ido.

Kwana uku aka ce, mu sai da muka yi goma sha biyu, har gero ya ƙosa ya fi ƙarfin bakin tsuntsu. Littattafai kuwa sun ga ta kansu. Ruwan sama ya doke su sau biyu. Hannun da ya cura laka shi ne yake buɗe shafi. Jan-baki da ya rasa gero ya huce haushinsa a kansu daga sama. Ɗaya ya faɗa kududdufi, ɗaya akuya ta ci bangonsa. Baba kuwa ko sau ɗaya bai tako gonakin ba. In na gaishe shi da safe sai ya ce "lafiya", ya ci gaba da abin da yake yi.

Sammaci ya zo kamar yadda na sani zai zo. Na ɗauki akwatin na shiga jirgi. A barandar ofis Malam Ɗahiru ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Ka ce Bulama ne ya tsorata ka. Takardar da ka aiko zan san yadda zan yi da ita. Shi ko an tuɓe shi ƙanensa za a ba, sarauta tana nan a gidansu. Kai fa? Kai wa za a ba?"

Na ce, "Malam, dattijon nan jirage uku ya kawo, a gaban limami."

Ya ce, "Taurin kan nan naka shi zai kashe ka."

Ci-da-Agogo yana zaune bayan tebur, agogon yana gabansa. Ya iya Hausa, irin ta littafi, wadda babu gaggawa a cikinta. Ya sa aka buɗe akwatin, ya riƙa ɗago littattafan ɗaya-ɗaya da yatsu biyu. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Allon makarantarka ya tsaya kwana uku babu kowa a ƙarƙashinsa. Manyan baƙi sun tambaye ni dalili. Wane ne ya hana yara zuwa?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga wanda akuya ta ci ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Karanta shi aka yi. Babu yaro a makarantata da bai karanta littattafan nan duka ba, iyayensu kuma sun ji. A ɗauko na sauran makarantu masu tsabta, a tambayi yaransu abin da ke ciki, a tambayi nawa."

Fuskarsa ta yi ja. Ya riƙa juya littafin, har na ɗauka maganar ta shige shi. Wataƙila ma ta shiga. Can ya turo mini farar takarda da alƙalami. Ya ce in rubuta cewa na yi kuskure, ba zan sake ba. In na rubuta, zai mayar da ni wata makaranta can wajen garin Malam Madori, maganar ta mutu. Na dubi takardar nan. Layi ɗaya ne fa. Na tuna Baba, na tuna innarku da yarinya a baya. Hannuna har ya kai kan alƙalamin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na rubuta kuskure na yi, baɗi za a sake aiko takardar nan a watan nan, malamin da ya gaje ni kuma ya kwashe yaran. Ban yi kuskure ba. Ranar ce kuskure."

Ya ɗauki agogonsa ya ɗaura. Ya ce shi ke nan, in tafi.

Ba a iya rubuta cewa an kori malami saboda tsuntsu, don haka aka rubuta saboda lalata kayan makaranta. Daga nan maganar da kuke ji ta samo asali. Wasu sun ce da na rubuta layin nan da na tsufa ina hedimasta, da ku ma kun tashi cikin daula. Wataƙila haka ne. Akwai zafin kai a cikin abin da na yi, ban musa ba, da shi aka haife ni. Amma ku ji da kyau, ko yau aka turo mini farar takardar nan, haka zan mayar da ita fara.

Na komo na tarar ana girbi. Dammuna jibge a kowace gona, mata na guɗa, yara na gasa tumu. Baba yana bakin mashaya yana toshe wa jirginsa yoyo.

Ya ce, "Ka dawo?"

Na ce, "Na dawo."

"Da aikin?"

Na ce, "Babu."

Ya daɗe yana cusa tsumma a tsagar katako. Sa'an nan ya ce, "Riƙe mini nan." Na tuɓe farar rigata na rataya a ƙaya, na durƙusa na riƙe. Daga ranar nan har ya bar duniya ban sake jin an ce ya ce "malamin gidanmu" ba, kuma wannan ya fi korar ciwo. Innarku ta yi kwana biyu tana kuka, a na uku ta tashi ta kama bandar kifi, da ita ta taya ni riƙe ku. Mutanen gari wasu sun zo sun yi godiya, wasu sun ce na cika jawo magana. Rumbuna dai sun cika. A shekarar babu gidan da aka ci bado, har da gidan su Ladidi. Ni kuwa na zama mai fito, ina tsallakar da mutane da jirgin Baba. Gidanmu yana bayan makaranta, kullum safiya ina jin sabon malami yana buga ƙararrawata.

Da shekara ta zagayo aka sake aiko takardar taron. Wannan karon an sa ranar a bayan girbi, lokacin da ruwa ya fara ja. Babu wanda ya faɗi dalili, babu wanda ya ambaci sunana, babu wanda ya ce in dawo bakin aiki. Bulama ya nemi jiragen da za su kai yara, nawa yana ciki. Ni na tuƙa wasu daga cikinsu, kwana biyu, suna zaune da sababbin littattafai a cinya, suna ta "Malam, duba wannan, Malam, ji wannan", sabon malamin yana kawar da kai don kunya. Yaron kirki ne, ba shi da laifin kome. Da muka isa mashayar Haɗeja, ana jiyo kiɗa daga cikin gari, yara suka dira suka jeru.

Sabon malamin ya ce, "Malam, don Allah ka zo mu shiga tare. Ai yaranka ne."

Na ce, "Da takarda aka kore ni, in ana son in shiga a aiko da takarda. Ku tafi kada ku makara."

Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana, Ladidi a gaba, ta ɗora littafinta a ka. Da na tabbata babu mai ganina, na zauna a cikin jirgi na yi kuka, ni ƙato mai iyali, kuka sosai har da shessheƙa. Da na gama na wanke fuskata da ruwan kogi. Sa'an nan na ɗauki ƙoƙo na kwashe ruwan da ya taru a gindin jirgin, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, don kada littattafansu su jiƙe a komowa.